Baikon Ramaisa

Shekara ashirin da biyu ni ke ƙirga baiko
a majami'armu ta duwatsu, sama da Mokhotlong.
Na san kuɗin ulu, yana warin tumaki,
na san kuɗin masu haƙar zinariya, a naɗe cikin wasiƙa.
Na kuma san kuɗin Ramaisa.

Kowa ya san abin da ke tsiro tsakanin masararsa,
da jakunan da ke tsallake iyaka in dare ya raba.
Wata Lahadi na bi shi har bakin ƙofa,
na danƙa masa kuɗinsa a tafin hannu,
na ce Ubangiji ba ya cin ribar wiwi.
Bai ce uffan ba. Ya gyara bargonsa a kafaɗa.
'Ya'yansa huɗu suna makaranta a lokacin,
ban tambaya da me ba.

Ina da hujja, kada a ce ba ni da ita.
Lefu ɗan ƙanena ya fara zuƙa yana da sha huɗu,
yau ga shi bakin shago, yana hira da bango.
Jiki masaukin Ruhu ne, haka na koya, haka na koyar,
ba a turnuƙe ɗakin babban baƙo da hayaƙi.

Sai doka ta juya.
Kamfani ya zo da takardar izini,
ya kafa rumfuna masu ƙyalli can gangare.
Jikana Mohapi yana sa farar riga da safar hannu
yana tsinkar ganyen nan dai, ba wani ba.
Ushirinsa na zuwa cikin ambulan, ina karɓa, ina rubutawa.
Ramaisa ba shi da kuɗin takarda,
nasa ganyen har gobe laifi ne.
Na tambayi fasto ko hatimi ke tsarkake tsiro.
Ya ce mu sa abin a addu'a.

Bara Malineo ta kwanta.
Sankara ce, in ji likita, ta riga ta kai ƙashi.
Ƙwayoyin asibiti suka ƙare ran Talata,
ƙanƙara ta rufe hanya, ko doki ba ya bi.
Shekara arba'in da ɗaya muna tare,
ko a naƙuda ban ji ta yi ihu ba.
Na ji a makon nan.

Dare na uku aka ƙwanƙwasa.
Ramaisa ne, gemunsa fari fat da sanyi,
riƙe da 'yar kwalba, an toshe ta da totuwa.
Ya ce ɗigo uku a ƙarƙashin harshe.
Na tsaya a ƙofa kamar an dasa ni.
Daga ciki ta kira sunana.
Na miƙa hannun nan, wanda ya mayar masa da kuɗi.

Ta yi barci.
Ba ta warke ba, ba zan yi wa Allah ƙarya ba,
mun binne ta kafin a yi wa tumaki aski.
Amma ta sha kunu da hannunta,
ta rera rabin waƙar yabo, ta mance sauran, ta yi dariya.

Jiya dattawa suka ce in faɗi ra'ayina a taro.
Na buɗe baki, sai na ga Lefu,
na sake buɗewa, sai na ga Malineo tana barci.
Na ce a ba ni mako guda.

Ramaisa ya dawo benci na ƙarshe.
Ran Lahadi kwando ya bi ta gabansa,
ban ɗaga kai na duba ba.
Na ƙirga duka, na rubuta jimla ɗaya.