Ƙanƙarar da Ba a Sayarwa

Kwana uku da dawowata Kaduna,
ƙafata ba ta gama hucewa ba,
na ratsa Kasuwar Barci da waya a hannu
ina neman wanda zan nuna wa.
Masu atamfa suka ce sanyi ya wanke ni.
Mai goro ya tambayi tsaraba.
Sai Barau mai ƙanƙara, can bayan masu kifi,
ya goge hannu a gaban riga, ya ce, mu gani.

Na ce, ga ta. Kogi ne da ya tsaya cak.
Ɗana Nafi'u ya biya kuɗin shiga gandun,
aka ɗaura mana ƙarafa a tafin takalmi
masu tsini kamar haƙoran kada,
muka bi wata yarinya mai jar hula,
sahu-sahu, kowa na sauraron numfashinsa.
Tun daga wuyan dutse ta gangaro,
bayanta fari, gefenta duk tsakuwa,
cikin tsagarta shuɗi
kamar an juye bula a rijiya.

Barau ya sa yatsa biyu ya buɗe hoton.
Ya daɗe.
Ya ce, nawa suke sayar da bulo ɗaya?
Na ce, ba a sayarwa.
Ya ce, to wa ke biyan kuɗin wuta?
Na ce, babu wuta, babu janareta,
tun kafin kakan kakanka tana nan kwance.
Ya yi dariya har ya dafa firiza.
Ya ce, Allah na ba wa mai gona goro,
ni ga ni nan ina bin Nepa da addu'a.

Na ce, tsaya, ba ka ji sauran ba.
Tana nishi, Barau.
Can ƙasa, kamar tsohuwa ta juya a gado.
Kuma a hanya akwai turaku da aka kafa,
kowane da shekara a goshinsa.
Yarinyar ta dafa na farko ta ce,
nan bakinta yake sa'ad da aka haifi kakata.
Daga turken nan sai da muka yi tafiya
kamar daga nan zuwa Bakin Dogo
a kan dutse tsirara
kafin mu iske ta.

Dariyar ta ɗauke.
Ya ɗaga buhun da ya lulluɓe hajarsa,
garin katako ya jiƙe, ya yi duhu,
ruwa na bin ƙafar tebur zuwa kwata.
Ya ce, wannan kam na san shi.
Da asuba goma nake da su,
kafin azahar sun koma bakwai da rabi,
ba wanda ya saya, ba wanda ya sata.
Ƙanƙara ba ta sallama in za ta tafi.

Ya sake duban hoton, ya ce,
su ba su da buhu ne?
Na rasa amsa. Na tuna faɗinta,
na tuna yadda muka jeru a gabanta
muna murmushi, ana ɗauka.

Wata yarinya mai zoɓo ta miƙo ɗari biyu.
Ya ɗauki adda, ya sara, ɓarɓashi ya tashi,
ya tsinci guda ya sa mini a tafi.
Ban gaya masa ba
cewa can ma na ɓalli 'yar kaɗan a ɓoye,
lokacin da mai jar hula ta juya baya,
na jefa a baki, haƙorina ya amsa.

Wannan ma na jefa.
Ɗanɗanon ɗaya ne,
sai ɗan ƙarnin kifi.
Kafin in samu keke a bakin titi
ta zama ruwa, na haɗiye.