Ɗaya Cikin Tamanin da Bakwai

Jika tara na ƙirga wa Tsahiru mai gwanjo
ran da ya kwance dilar Kwatano
a ƙofar shagona, nan Mokoyo.
Tsakanin tsofaffin takalma da matacciyar rediyo
sai ga kwali, ɓera ya ci kusurwa guda,
a ciki jirgin ƙasa kwance kamar jinjiri a zane.

Ni Ma'azu, shekara talatin da huɗu
ina buɗe cikin agogon mutanen Maraɗi,
rubutun kwali ba ya rantse mini.
An ce ɗaya cikin tamanin da bakwai.
Na ce to, mu gani.
Na ɗauko ma'auni, na manna madubi a ido:
tsakanin dogo da dogo, milimita sha shida da rabi,
ko gashin gira bai ƙaru ba.
Na auna ƙofar direba, na ninka ta a bayan rasit,
ta fito daidai tsayin mutum da hularsa.
Na ƙirga ƙusoshin tukunya har idona ya yi ruwa.
A nan na cire madubi
na yi wa maƙerinsa fatan alheri,
ko a wace ƙasa aka binne shi.

Amma fa ba ya tafiya.

Wato yana tafiya,
sai ya kai kwanar nan ta gefen buta
ya tsaya yana ƙugi kamar zanzaro a kwalba.
Ɓawon gyaɗa guda ya isa ya kayar da shi.
Gashin mage ya naɗe masa ƙafa, ya kwanta.
In wuta ta yi rauni da la'asar, ya yi fushi.
Na goge dogo da alkol,
na ɗiga masa man agogo da bakin allura,
kwana uku agogon Alhaji Na-Allah
yana buɗe a faranti yana jirana.

Sai jikata Sahura ta shigo da nata,
na roba, ja wur, dala ɗari da hamsin a babbar kasuwa,
batir biyu a ciki.
Na auna shi don in yi dariya.
Bututun hayaƙinsa, in an ninka, ya kai rimi.
Tagarsa, raƙumi zai wuce da kayansa.
Ƙarya ce tun daga hanci har wutsiya.
Ta ajiye shi a siminti,
ya bi ƙarƙashin benci, ya haye tabarma,
ya ture murfin shayi, ya taka mini silifa,
tun azahar har aka kira magariba
bai yi tari ba.

Ta ce, Kaka, naka kyau gare shi, amma malalaci ne.
Na ce nawa gaskiya ya faɗa.
Ta ce, to gaskiyar ta zagayo mana.

Na yi kamar ina neman sukurdireba.

Sau ɗaya tak na hau jirgi a duniya,
Kano zuwa Nguru, ina da gashi a kai.
Ya tsaya da mu a dokar daji rabin yini,
ba wanda ya ce mana ga dalili,
muka cinye guzuri, muka yi sallah a gefen dogo,
wata tsohuwa tana ta zagin direba.
Wataƙila har wannan tsayuwar
mutumin nan ya auna,
ya raba ta tamanin da bakwai
ya ajiye mini ita a kwanar buta.

Yanzu na ja ƙyaure, kabu-kabu sun rage a titi.
Na kwance ƙafar gaba ta hagu,
akwai wata waya siririya kamar jijiyar sauro
da ba ta taɓa inda ya kamata ta taɓa.
Gobe Alhaji zai aiko yaro karo na uku.
Jan jirgin yana kan kanta yana kallona.
Ban sani ba ko mantuwa ta yi,
ko da gangan ta bar mini shi.