Daƙiƙa Huɗun Graciete

A Matosinhos, bakin teku,
inda jiragen masunta ke sauke kaya tun da jijjifi,
akwai gidan da ake jera kifi a gwangwani.
Kakan Abílio ya gina shi, jikan ya gaje shi har da bashi.
Ni aka ɗauko daga Porto,
agogo a wuya, allon rubutu a hammata,
aka ce: Telmo, nemo mana inda lokaci ke yoyo.

Kwana tara ban taɓa kifi ba,
ƙafafun mutane kawai nake kallo.
Idalina na taku goma sha bakwai zuwa ga gishiri,
goma sha bakwai ta komo,
sau sittin a wuni,
tafiyar da ta isa ta kai ta gidan 'yarta,
ga shi ko ƙofa ba ta fita ba.
Na jawo buhun har gefen gwiwarta.
Ta dube ni, ta dubi buhun, ta ce:
Ashe shekara ashirin ƙafata ke noman da ba girbi.

Takardar oda kuwa hannu biyar take bi
kafin ta kai ga direba.
Uku a ciki sa hannu kawai suke yi
don sun ga na gaba ya sa.
Na zare ukun. Rufin ɗaki bai faɗo ba.
Man zaitun, ganga arba'in, na kwance yana jiran rana,
na ce a riƙa sayen goma.
Kuɗin da ke barci a ɗakin ajiya suka yi miƙa suka tashi.
Abílio ya fara gaishe ni da hannu bibbiyu,
ni kuma hulata ta fara matse min kai.

Sai na iso kan Graciete.
Tsohuwa, yatsunta sun lanƙwashe kamar ƙugiya,
ita ce ta ƙarshe kafin injin rufi.
Duk farantin da ya zo gabanta
sai ta dakata, ta sunkuya, ta ja numfashi,
daƙiƙa huɗu cur,
sannan ta tura.
Na ninka huɗu sau ɗari tara:
awa guda cif, kullum ta duniya!
Na rubuta da jan biro: asara.
Na ce: Uwa, a bar wannan sunkuyon.
Ba ta ja ba. Ta goge hannu a rigar aiki,
ta ce: Agogonka ne, ɗana.

Mako uku muna gudu, lissafi na murmushi.
Ran Talata mota ta dawo daga Braga
da kwali goma sha biyu da saƙon mai kanti:
ya buɗe guda, ko kyanwarsa ta juya baya.
Abílio bai ɗaga murya ba.
Shirun nan ya fi mari.

Na same ta a matakala tana cin burodi da sauran mai.
Na ce: Me kike yi a daƙiƙa huɗun nan?
Ta gama taunawa tukuna.
Ta ce: Kifin da ya jima a rana yakan faɗi,
amma ƙasa-ƙasa yake magana.
Ka tambayi ƙafata, ka tambayi hannuna,
ni ce dai ba ka tambaya ba.

An ce gani ya kori ji.
A gidan nan hanci ya kori duka biyun.

Yanzu kujerarta na bakin ƙofar shigowa,
inda akwatuna ke sauka da ƙanƙara.
Abin da ta ƙi ba ya shan mai, ba ya cin gwangwani,
ba ya hawa mota ya je ya kunyata mu.
'Yan mata biyu na gefenta suna koyon sunkuyo,
ɗaya har yanzu atishawa take yi.

Agogon na nan, yana aljihu.
Jan biron na bai wa jikan Idalina,
yana zana jiragen ruwa da shi a bayan tsofaffin takardun oda.