Gaɓa Bakwai a Hull

Ƙarfe uku na dare a Hull,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Tsofaffin gidan jinya duk sun yi barci,
sai Mista Pickering na ɗaki na tara
da ke kiran matarsa, wadda ta rasu bara waccan.

Ni da Perlita muna ɗakin shayi.
Ta tuɓe takalmi, ta ɗora ƙafa kan kujera,
tana ƙirga wani abu da yatsu,
leɓe na motsi, ba sauti.
Na ce, tasbihi kike yi?
Ta yi dariya har shayi ya ɗiga mata a riga.

Ta ce, waƙa ce. A wajenmu tanaga ake ce mata:
layi huɗu, kowanne gaɓa bakwai,
ba ƙari, ba ragi, kamar awon magani.
In ta takwas ta leƙo, sai ki kore ta,
ko da ita kika fi so.

Ta ce a tsibirin kakarta
mutanen kan tudu ba su jira takarda ba:
wuƙa ce alƙalami, gora ce littafi.
Mutum ya sassaƙa baiti ya ajiye a bakin hanya,
mai wucewa ya ɗauka ya kai inda aka nufa.
Ba mai sa suna a ƙasa.
Wa ke sa suna a kan ruwan rijiya?

Nata littafin kwalin safar hannu ne
da ta yage ta juya bayansa.
Ta karanta min cikin harshenta.
Ban ji ko kalma ɗaya ba,
amma na ji amsa-amon na faɗowa
daidai inda na zata zai faɗo,
kamar taɓarya ta biyu a turmi.

Na ce, me ta ce?
Ta ce, mangwaro ne a ƙofar gidanmu,
shekara goma sha ɗaya yana nuna
ba tare da ni ba.
Ta ɗaga kafaɗa: in na fassara, ƙashin kawai kike samu,
romon yana can.

Sai na tuna Inna a Malam Madori,
gwiwa a ƙasa, hannu kan dutsen niƙa,
tana zuba baiti bisa baiti tare da gero.
Ba wanda ya rubuta, ni ma ban riƙe ba.
Na yi zaton gobe ma za ta yi.

Ƙararrawar ɗaki na tara ta kaɗa.
Perlita ta zura takalmi ta fita.
Ta ƙofar da ba ta rufe ba
na ji tsohon na cewa, Doreen, ke ce?
Na ji tana rera masa layi huɗun nan a hankali,
ya yi shiru, shi da bai san mangwaron ba.

Ta bar min biro da ragowar kwali.
Na ƙirga, na goge, na sake ƙirgawa,
na kori kalma biyu da nake so,
kafin motar asuba ta iso ga abin da ya rage:

Na bar gida da rana,
na sauka cikin ruwa.
Inna, ki bar min fura,
ban manta da hanya ba.

Na ajiye shi kusa da butar shayi.
Ban sa suna ba.