Huda Arba'in

A Izmir, bayan kasuwar kifi,
tandun Cevdet ya shekara yana son kai.
Burodin bakin ƙofa fari fat, kamar bai ga wuta ba,
na ƙurya kuwa baƙi ƙirin,
ko tsuntsayen teku sun ƙi shi.

Bututun gas guda ne a ƙarƙashi, kamu huɗu,
huda arba'in a jere, bakinsu ɗaya.
"Ni na huda su da hannuna," in ji tsoho,
"ban fifita kowa ba. To, ina zaluncin ya shigo?"

Ƙarfe uku na dare Nergis ta juya buhun fulawa,
ta zaro fensir daga gashinta.
Hutu ta zo yi, ga ta durƙushe tana awon harshen wuta:
na farko bai kai farce ba,
na ƙarshe ya fi ɗan yatsa.

Ta ce, Baba, gas a bakin shiga baƙo ne mai sauri,
jirgi zai kama, gaisuwa kawai yake jefa wa hudojin farko.
Kowace huda ta yagi nata, saura ya rage gudu,
mai rage gudu kuwa jingina yake da bango.
Can ƙurya, inda aka toshe hanya,
nan duk nauyin yake zama.
Gogayya da ƙarfe tana karɓar harajinta a hanya,
amma bututunka gajere ne mai faɗi, harajin kaɗan ne.

Ta tara faɗin hudojin duka:
ya ninka bakin bututun biyu.
Ta soke layi, ta sake, ta yi tsaki.
Ƙullu yana tashi a bayanta, bai jira lissafi ba.

"Wato in tsuke bakin na ƙurya?"
"Ka tsuke duka. Na ƙurya su fi tsukewa."
Tsoho ya daɗe yana kallon hannunsa.
Shekara talatin yana raba daidai,
ashe cin bai zo daidai ba.

Ranar Talata maƙeri ya kawo sabo.
Wuta ta tashi shuɗiya, kai ɗaya, kamar haƙoran mataji,
sai ta talatin da ɗaya, ta ɗan ɗaga wuya.
"Wannan fa?"
"Wannan ban sani ba," in ji Nergis.

Ya gutsuro burodin ƙurya, da zafinsa, ya miƙa mata.
Buhun yana nan a bango, da ƙusa.