Makullin Gidado

Ƙarfe biyu da kwata na dare
waya ta tashe ni a Jekadafari:
wani na taɓa ƙofar rumbun bayanai
da sunan Gidado.

Gidado kuwa tun azumi aka kai shi makwancinsa.

Na buɗe kwamfuta a kan tabarma,
janareton maƙwabta yana ta tari.
Sau uku kalmar sirri ta ƙi baƙon,
a na huɗu ta ba shi hanya.

Cikin rumbun nan
akwai albashin mutum ɗari biyu da sha ɗaya,
da bashin manoman Dadin Kowa, buhu-buhu,
da lambar asusun tsohuwar da ke kawo mana shanshera.

Ni ce mai rabon makullai.
Mai awo iyakarsa sikeli,
akanta ya ga kuɗi, ba ya ganin adireshin kowa,
manaja kansa sai ya jira lamba shida a wayarsa.
Na Gidado kaɗai na bari a rataye.
Shi ya koya mini aikin,
yatsana ya kasa share shi.

Ɓarawo ba ya zaman makoki.

Na datse ƙofar.
Minti bakwai ya yi a ciki,
rajista ta ƙirga sawunsa ɗaya bayan ɗaya.
Abin da ya kwasa a ƙulle yake,
ya sungumi akwatin ƙarfe, mabuɗi na wurina.

Gobe zan faɗa wa manaja da bakina.

Allo ya tambaye ni: a goge wannan suna?
Ladanin Bolari ya fara kiran assalatu.
Na danna eh,
na ɗauki buta.