Mai Gadin Zanga

Dare goma a wata nake kwana
a kan rumfar itace, tsakiyar ruwa,
kudu da Toliara.
Aikina in kori ɓarawo.
Ina da tocila, ina da usur, ina da tari mai ƙarfi.

A ƙarƙashina zanga ke kiwo,
waɗanda baƙi ke ce wa kokwambar teku.
Ba ido, ba gaggawa.
Su haɗiyi yashi ta nan, su fitar ta can
tas, kamar shinkafar da aka rege.
Kakata Tsiambena ta ce su ne masu sharar teku,
mai shara kuwa ba ya zaɓen abin da ya tarar.

Ran Laraba Voahirana ta zo daga makarantar birni
da madubin ƙara girma a cikin akwati.
Ta tsaga guda, ta wanke hanjin a faranti,
ta ce, Baba Rezoky, leƙa.
Na leƙa.
Zare shuɗi, ya fi gashin jariri siranta.
Jajayen ɓarɓashi biyu.
Wani fari mai sheƙi,
ƙwayar gishirin da ta ƙi narkewa.
Ta ƙirga sha bakwai, ta rubuta.
Ta ce roba ce, ba ta ruɓa,
ƙanƙancewa kawai take yi.

Ban ce uffan ba.
Shuɗin nan na san shi.
Igiyar kwalekwalena ce sak,
wadda na saya shekarar da aka haifi Fenosoa,
kullum tana zubar da gashi a tafina
ina karkaɗewa cikin ruwa.

Ko ba tawa ba ce, ta ce,
ta yiwu daga wata ƙasa igiyar ruwa ta kawo.
Yarinyar kirki. Ta so ta rage mini.

Jibi za a dafa, a shanya, a auna,
ɗan kasuwa ya cika buhu,
wani ango a can gabas mai nisa
ya sha romo, ya ce madalla.

Shekara tara ina jiran mai ɗauka.
Wanda ya shigo, ajiyewa ya yi.
Wa zan busa wa usur?

Yanzu idan igiyar ta zubo gashi
sai in tsince, in tura aljihu.
Aljihun ma, in ji Voahirana,
da zaren roba aka saƙa shi.